Rigar Saƙin Kakana

Yau laifin kaina na zo in faɗa muku, sai a yi haƙuri a saurara.

Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya hau ya ci gungaye da ƙauyuka masu yawa a ƙasar Yauri, har da wani sashe na tsohuwar Yelwa. Cikin 'yan kayan da kakana ya loda a jirgi ya fito da su akwai rigarsa ta saƙi: zaren auduga, kaɗin hannu, rinin baba. Ya sa, mahaifina ya sa, ta faɗo hannuna. Fiye da shekara 50 ba abin da ya same ta. Ni na lalata ta a yini guda.

Bara ne, ana jibi walimar sauka. Na ce ba mai wanke wannan riga sai ni. Na jiƙa ta a ruwan zafi da garin sabulu tun da hantsi, na tafi makaranta, ban tuna ba sai azahar. Na dawo na tarar ruwan baho ya koma shuɗi. Maimakon in tsaya, sai na dirje ta, na murɗe, na shanya a kan waya cikin tsakar rana. Kafin la'asar kafaɗa ta koɗe, aikin wuya ya tattare, ga layin tsatsa a baya. Inna ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce, "Malam, ashe babin tsarki kaɗai aka koya maka." Ban ce uffan ba.

Ga abin da na gane daga baya. Baba ba ya shiga cikin zare ya zauna, a bayansa yake kwanciya. Shi ya sa a marinar Ƙofar Mata a Kano ake tsomawa a fitar ya sha iska, a sake tsomawa, har launi ya hau. Shi ya sa kuma turkuɗi ke bari a jiki. To abin da ke kwance a bayan zare, ruwan zafi da dirza su ne maƙiyansa. Rini yana son ruwan sanyi da ɗan sabulun salo, a wanke shi shi kaɗai nan take, a matse a hankali, a juya cikinsa waje, a shanya a inuwa inda iska ke bi.

Farin yadin auduga, irin kayan makarantarku, shi rana yake so. Matsalarsa a nan garin ruwa ce. Daga Agusta zuwa Oktoba kogi ja yake da laka. Kun karanta a Ishmawi cewa ruwan da ƙasar mazauninsa ta sauya yana nan da tsarkinsa, a yi alwala da shi. Gaskiya ne. Amma ka wanke farar riga da shi sau uku, bula ma ba za ta cece ta ba. A ɗebo da yamma, a bari ya kwana, a tsiyaye na sama. Wannan ya fi yaro ya tsaya cikin tafki yana wanki, ya kwaso tsargiya.

Iyaye mata, in najasa ta taɓa tufa, a fara wanke wurin da ruwa zalla, don ruwan da sabulu ya sauya na tsabta ne kawai. Kuma kada a ninke kaya da sauran laima, fumfuna ba ta fita da sauƙi.

Rigar tana cikin adaka. An ce in kai wa marina su sake tsoma ta, za ta yi duhu kamar sabuwa. Sau biyu ina ɗaure ta a leda, ina kwancewa.