Ranar da gwaggon amarya ta koya mini aikin DJ

Wani ƙanenmu a wannan zaure ya turo mini bidiyon wasansa na farko, yana tambaya ko haɗin waƙoƙin ya yi. Ya yi, ƙanena. Sai dai minti goma cur ba ka ɗaga kai daga kan kwamfuta ba.

Ni ma haka na fara. Aikina na farko kamu ne a Kano. Kwana uku na yi ina jera waƙoƙin da nake so, na zo na sake su bi da bi. Fili fayau, mata na zaune suna danna waya, ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga. Can sai gwaggon amarya ta taso ta dafa teburina: "Ɗan nan, ba ka da Barmani Choge ne?" Allah Ya rufa asiri tana cikin filashina. Kiɗan ƙwarya na tashi iyaye suka miƙe, 'yan mata suka biyo baya, liƙi ya kankama.

To, ranar Asabar ka dubi fili kafin ka zaɓi waƙa ta gaba. In an kira sallah, kashe sauti gaba ɗaya. Kuma ka riƙe filashi biyu, nawa ya taɓa mutuwa ana tsakiyar rawar ango.