Abin da Rashanci Ya Nuna Mini Game da Kunne da Alƙalami

Ɗan zango ba baƙon harsuna ba ne. Yaron Nima ko Mamobi ko New Town yana tashi da Hausa a tsakar gida, ya tsinci Twi a bakin masu talla, ya ji Ga a cikin trotro, ya sami Turanci a makarantar boko da Larabci a gaban malam. Yawancin waɗannan ba a zaunar da shi an koya masa ba, jefa shi aka yi a ciki ya yi iyo. Shi ya sa da na sami gurbin kwas na wata ɗaya a Cibiyar Pushkin ta koyar da Rashanci a Mosko, inda malamai ba sa yi wa ɗalibi magana da kowane harshe sai Rashanci, tsarin bai ba ni tsoro ba. Abin da Turawa ke biyan kuɗi su samu, mu a kyauta muka tashi da shi.

Hanyar kuwa tsohuwa ce. Gana da Tarayyar Sobiyet sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1958, Kwame Nkrumah ya ziyarci Mosko a 1961, shekarar da aka sa wa jami'ar ƙawancen al'ummai sunan Patrice Lumumba. Ɗaliban Gana da yawa sun bi wannan hanya suka dawo likitoci da injiniyoyi. Shugaba John Mahama ma a Mosko ya yi karatun gaba da digiri. Har yau ana koyar da Rashanci a Jami'ar Gana da ke Legon.

A watan Yuli rana ba ta faɗuwa a Mosko sai wajen ƙarfe tara na dare, sai ka ga yini ya yi tsawon da ba ka san inda za ka kai shi ba. Da safe aji, da yamma kuma gari ne makaranta: tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, kanti, ɗakin cin abinci. A nan kunnen zango ya yi mini rana. Cikin mako guda ina gaisuwa, ina tambayar farashi, ina gane lokacin da mai kanti ta fara gajiya da ni. Wasu kalmomin ma tamkar 'yan gida suke: shayi su ce chai, sukari sakhar, sanduƙi sunduk. Ladabinsu bai yi nisa da namu ba. Babba ba a ce masa ty, wato kai, sai vy, wato ku, kuma ana kiran malami da sunansa haɗe da na mahaifinsa, kamar a ce Musa ɗan Audu.

Amma kunne yana da iyaka, Rashanci kuma ba ya jinkirin nuna ta. Haruffansa 33 ne, wasu kuma mayaudara: abin da ka ɗauka P ne ana karanta shi R, H kuma N, C kuma S. Suna ɗaya yana canza wutsiya ta fuska shida gwargwadon aikinsa a jimla. Garin Moskva ne, amma idan kana cikinsa v Moskve, za ka je v Moskvu, ka fito iz Moskvy. Jinsi kuma uku ne, ba biyu ba. Ni da na tashi a Hausarmu ta Gana, wadda ta sauke nauyin bambanta "ya zo" da "ta zo", sai na sami kaina ina haddace jinsin tebur da taga. Wannan ba a tsintarsa a titi. Sai an zauna da littafi da alƙalami, an rubuta, an gyara, an sake rubutawa.

Bambancin mai ji da mai karantawa ba ƙaramin abu ba ne. Tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke gadan-gadan a 2022 ake samun labarin matasan Afirka, har da 'yan Gana, da dillalai suka yi wa alkawarin aiki a Rasha, suka sa hannu a takardar da ba su iya karantawa ba, suka wayi gari a fagen daga. Duk ƙanin da ke shirin tafiya, ya bi ta makarantar da ake iya bincika sunanta, kada kuma ya sa hannu a kan abin da idonsa bai gane ba. Iya gaisuwa ba ya ceton mutum daga yarjejeniya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani littafi: ƙamus na Hausa da Rashanci da aka buga a Mosko a 1963 a ƙarƙashin jagorancin masani Dmitri Olderogge. Mutanen da ba su taɓa shan koko da ƙosai a bakin titin Nima ba sun zauna sun jera kalmominmu, har Rediyon Mosko ya yi shekaru yana watsa shiri da Hausa. Mu kuwa a nan Ankara, Hausa tana tashe a kasuwa da masallaci da gidan biki, ana jin ta a rediyon GBC, amma ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ke ɗaukar nauyin koyarwa a makarantu. Da yawanmu ba su taɓa rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ ba, alhali kakanninmu irin su Alhaji Umaru na Kete-Krachi sun bar rubutun ajami da masana ke nazari har yau.

'Yan uwa, iyo a cikin harshe mun gada, saura zaman. Wata ɗaya ya isa a koya wa baƙo haruffa 33 na Rashanci. Hutun makaranta ɗaya zai isa a koya wa yaran layinmu rubuta harshen da suke mafarki da shi, in an sami benci da allo da wanda zai tsaya.