Dattijo da Tsohon Injinsa

A wata fadama ta ƙasar Kano akwai wani dattijo mai lambu da ya gāji injin ban ruwa daga mahaifinsa. Ƙirar Villiers ne, na ƙasar Ingila, an yi gangar jikinsa da ƙarfen zubi. Da shi yake shayar da albasa da tumatir duk rani, da kuɗin amfanin kuma yake ciyar da gida har ya biya wa jikoki kuɗin makaranta.

Wata rana injin ya soma shaƙewa yana mutuwa. Maƙwabta suka ce ai laifin man zamani ne, tunda an cire masa dalma, don haka gara ya sayar da shi ga masu gwangwan. Hankalin dattijo ya tashi, domin ba shi da kuɗin sabo, ga shuka tana jiran ruwa.

Maganar maƙwabtan tana da tushe. A 1921 ne Thomas Midgley na kamfanin General Motors a Amurka ya gano cewa sinadarin dalma yana hana inji ƙwanƙwasa. Dalmar tana kuma barin wani ɗan shafe a mazaunin bawul ɗin da hayaƙi ke fita, wanda ke rage cin ƙarfe. Sai dai hayaƙin guba ne mai dakushe ƙwaƙwalwar yara. Saboda haka ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka yi yarjejeniya a Dakar a 2001, suka daina amfani da irin wannan mai a farkon 2006. Aljeriya ce ta zama ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Dattijo ya kai injin wurin wani matashin bakanike. Yaron ya kwance shi, ya auna tazarar bawul, ya ce, "Baba, bawul ɗinku lafiya lau. Mazauninsa yana cinyewa ne idan inji na gudu da ƙarfi cikin zafi na tsawon lokaci. Naku kuwa a hankali yake tafiya. Ko da ya ci, ana iya dasa masa mazauni mai tauri."

Da ya buɗe kafireta sai ga ainihin cutar: danƙo da tsatsa. Dattijo ya saba barin mai a tanki duk tsawon damina, alhali fetur idan ya daɗe yakan lalace ya toshe ƙananan hanyoyinsa, ruwa kuma ya taru a ƙasan tanki. Bakanike ya wanke, ya sauya tiyo da fulogi da baƙin mai, ya gargaɗe shi ya riƙa tace mai, ya kuma tsiyaye tanki kafin ya ajiye injin. Ja ɗaya aka yi wa igiya ya tashi.

Da yamma ruwa ya bi kwamai, jikokin dattijo na wasa a gefen injin, ba dalma a cikin hayaƙin da suke shaƙa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san yadda ake adana ta. Malamin gobe zai sha jin ana ɗora wa sabon abu laifin da sakaci ya jawo. Aikinsa shi ne ya koya wa ɗalibai su buɗe su duba kafin su yanke hukunci.