Kundin gida da katin hannu

Da wuya mutum ya shiga tsohon gida a zangunanmu, daga Aboabo da Asawase a Kumasi har Nima da Sabon Zongo a Accra, ya rasa wani akwati da ba a buɗe shi sai an yi rasuwa. Galibi na ƙarfe ne, yana ƙarƙashin gadon tsohuwa. A cikinsa akwai hotuna marasa launi, da katunan gayyatar aure da suna, da tsohon fasfon aikin Hajji, da rasidin haya, da wasiƙun da aka aiko daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram tun ba a haife mu ba. Bayan sadakar bakwai ake jawo shi, a zazzage a tabarma ana neman takardar gida. Sai hotuna su yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, ana tambaya, wannan kuma wane ne? Wadda za ta ba da amsa kuwa ita aka kai makwanci.

Abin da za mu tattauna yau aikin hannu ne ƙarami, wanda ko yara za su iya: tattara waɗannan takardu wuri guda, a jera su shafi-shafi, a rubuta bayani a ƙarƙashin kowace, sannan da haɗa katin gaisuwa da hannu. A Amurka da Ingila abin ya daɗe da zama nishaɗi mai kasuwa. Tun 1873 marubucin nan Mark Twain ya yi rajistar wani littafi da ya ƙirƙiro mai gam a jikin shafukansa, sai dai a jiƙa a manna. A farkon shekarun 1980 aka buɗe shago na musamman don kayan wannan aiki a jihar Utah, daga nan ya bazu duniya. Yau wanda ya leƙa YouTube zai ga ana yanka hoto siffar zuciya, a kewaye shi da furannin roba da ƙyalƙyali har fuskar mai hoton ta nutse cikin ado. Suna da dabaru masu amfani, za mu kuma ara. Amma tsarin da ya fi dacewa da mu yana nan gida tun da daɗewa.

Malamanmu sun san kundi tun kyamara ba ta iso ƙasar nan ba. Kundin malam fallayen takarda ne waɗanda ba a ɗinke ba, a tsakanin kwali biyu ko fata, a ɗaure, a sa a gafaka. A ciki akwai addu'a, akwai fa'idar da aka karɓo daga wani malami, akwai wasiƙa, akwai ranar da aka haifi ɗa da ranar da wane ya rasu. Rashin ɗinkin nan hikima ce. Ana iya ƙara falle a tsakiya, ana iya zare guda a ba ɗalibi ya kwafa ya dawo da shi. Don kada fallayen su rikice, a ƙasan shafi ake rubuta kalmar farko ta shafin da ke biye. Wanda zai haɗa kundin gida ya bi wannan: fallaye sake, kowane da lambarsa, a cikin kwali mai marfi. Dangi ba sa ƙarewa, littafin da aka ɗinke kuwa yana cika.

Da irin wannan adana muka san Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya koma Krachi bayan yaƙin basasar 1892, ya rasu a 1934. Cikin abin da ya bari har da littafi a kan yadda ake tsara wasiƙa. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana ɗaukar kwafin ɗaruruwan rubuce-rubucensu na Larabci da ajami. Madalla da wannan aiki. Sai dai malamai aka bi. Mahauci da dillalin goro da direban babbar mota da tsohuwa mai tuyar masa, babu wanda zai taso daga jami'a ya nemi takardunsu. In jikokinsu ba su yi ba, shi ke nan.

Mu kuwa mun san abin da takarda ke iya yi wa mutum. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar izinin zama mako biyu su fice daga Ghana. Cikin waɗanda suka hau motocin akwai waɗanda a nan aka yanke musu cibi, a nan aka binne iyayensu, amma ba su da abin nunawa. Gidaje sun rabu biyu, wa a Kumasi, ƙane a Sabon Gari ko Yamai, aka sayar da kaya a wulaƙance, abin da ba ya sayuwa aka bari a ɗaki. 'Yan shekaru kafin haka ruwan madatsar Akosombo ya haɗiye tsohuwar Kete Krachi, aka tashi mutane wajen dubu 80 daga garuruwan gaɓar Volta. Har gobe, duk lokacin da aka zo rajistar katin ɗan ƙasa ko na zaɓe, ɗan zango ne ake tambaya garin kakansa. Kundin gida ba zai maye gurbin takardar hukuma ba, ba ma cewa haka. Amma yaron da ya ga hoton kakan kakansa a bakin rumfarsa ta kasuwar Kumasi, da suna da shekara a ƙasa, ba ya sunkuyar da kai in an yi masa wannan tambaya.

Saboda haka aikin farko ba ya bukatar almakashi ko gam. A ɗauki hotunan a je wurin mafi tsufa a gida, a zauna. A riƙa miƙa mata ɗaya bayan ɗaya, kada a yi gaggawa, domin hoto guda na iya jawo labarin rabin yini, labarin kuma shi muka zo nema. "Hajiya, wannan mai rawanin fa?" Abin da ta faɗa a rubuta nan take a bayan hoton da fensir mai laushi, a kan tebur mai tauri, ba tare da dannawa ba. Kada a yi da biro, tawadarsa na ratsawa ta ɓullo a fuska bayan shekaru. A sa sunan yanka, da laƙabin da aka fi saninsa da shi, da sunan mahaifi, da unguwa, da garin asali. In ba a tuna shekara ba a rubuta abin da aka tuna: shekarar da aka canza fam zuwa sidi, wato 1965, ko shekarar da aka hamɓarar da Nkrumah, wato 1966, ko Sallar da ta biyo bayan korar baƙi. A duba bayan hoton da kyau, sau da yawa akwai hatimin mai ɗaukar hoto da sunan garinsa, wannan ma shaida ce.

Sai mannawa, a nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Salatif maƙiyin takarda ne. Bayan 'yan shekaru robar ta ɓamɓare, gam ɗin ya bar tabo ruwan ƙasa wanda ba ya fita. Albam ɗin nan mai shafi mai danƙo da leda a sama, wanda ya cika gidajenmu a shekarun 1980, yana riƙe hoto har in an zo cirewa sai bayansa ya yage. Lamineshin kuwa, wanda muke ɗauka gata ne ga takarda, hanya ce da ba a dawowa, kuma rasidin zamani na inji in ya ji zafin nan baƙi ƙirin yake komawa. Dabarar da ta fi ita ce kusurwa. A yanka siririyar takarda, a naɗe bakinta biyu su haɗu su ba da aljihu mai kusurwa uku, a manna guda huɗu a shafi, a zura kusurwoyin hoton a ciki. Gam bai taɓa hoton ba, kuma duk ranar da aka so sai a zare a karanta bayansa. Tsohon hoto na asali ba a yanka shi ko kaɗan. Mai sha'awar siffar zuciya ya wanko kwafi ya yanka son ransa.

Shafin kansa ya zama takarda mai kauri. In an sami wadda aka rubuta ba ta da asid, ita ce gaba, in ba a samu ba farar takardar zane ta ɗalibai ta wadatar. Yankin jarida kada ya taɓa hoto, domin takardar jarida tana yin ja tana kuma shafa wa maƙwabcinta; a yi fotokwafinsa a manna kwafin. Wajen manna ƙyalle da kwafi, ƙaron da malamai ke haɗa tawada da shi yana aiki, haka dafaffen sitaci. Amma a shafa kaɗan, a danne da littafi mai nauyi har ya bushe sarai, don kyankyasai da sauran ƙwari na son su. Lokacin hunturu ya fi dacewa da wannan aiki, da damina a kudancin ƙasar nan takarda ba ta bushewa sai ta yi funfuna. In an gama kada kundin ya koma ƙarƙashin gado. Mutanen Accra ba su manta ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ba. A ɗora shi sama, nesa da bango mai laima, kada a ƙulle shi cikin leda. A kuma ɗauki hoton kowane shafi da waya a tura wa dangi na nesa, ko da yake waya na faɗawa ruwa, tana kuma bin ɓarawo.

Ado kuma, namu ya ishe mu. Kusa da hoton biki a manna ɗan ƙyallen ankon da aka yi a bikin, ko da faɗin akwatin ashana ne. Hoto marar launi ba zai gaya wa jika cewa atamfar kore ce ba, ƙyallen zai gaya masa, har ya shafa. Gefen shafi a ja masa layi biyu da ja da baƙi irin na zayyanar allon sauka. Ya isa.

Akwai wata magana mai nauyi da duk mai haɗa kundi zai ci karo da ita, wato wa za a sa, wa za a bari. Za a sami hoton matar da aka saka, da na kishiyar da ba a shiri da 'ya'yanta, da na kawun da ya tafi Libiya ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Za a tarar kakar da ake kira Bahaushiya ashe Badagomba ce ko Bazabarma ko 'yar Kotokoli ko Asante, a wani gidan ma wadda aka kawo kasuwar Salaga ba da son ranta ba. Ra'ayinmu a sa kowa, a rubuta gaskiyar da aka sani cikin ladabi. Zango haka aka gina shi, kuma wanda aka yanke daga hoto yau, jikansa ne zai zo neman sa gobe. Abin da tsohuwa ta ce sirri ne a bar shi sirri. In ta ce ba ta yarda hotonta na budurci ya hau Facebook ba, magana ta ƙare, kundi na cikin gida ne.

Da wane harshe za a rubuta? 'Ya'yanmu da Hausa suke wasa, da ita suke faɗa, amma in aka ba su alƙalami Turanci ke fitowa. Kundin gida wuri ne da za a rubuta Hausa ba malamin da zai ja jan layi. A rubuta ta yadda muke faɗinta. In mutumin Kano ya yi dariya don mun ce "mace ya zo", ya yi, ai haka kakarmu ta faɗa, muryarta muke adanawa. Wanda ya iya ajami ya ƙara layi guda a ƙasa, wanda yake tsoron jikokin Jamus da Amurka ba za su gane ba ya ƙara Turanci a gefe.

Katin gaisuwa ƙanen kundi ne, kuma da shi ya fi sauƙi a jawo yara. A Landan aka fara buga katin Kirsimeti na sayarwa a 1843, da umarnin Henry Cole, kwafi dubu. Mu a yau gaisuwar Sallarmu ta koma hoton rago da jinjirin wata wanda mutum ɗaya ya tura wa mutum ɗari biyu a WhatsApp, ba wanda ya san wanda ya zana shi. Katin hannu kuwa mutum guda aka yi wa. A sami kwali mai ɗan kauri, a ɗora rula a tsakiya, a ja layi da bayan wuƙa kafin a naɗe, ta haka ba ya tsagewa. A je wurin tela a roƙi ragowar ƙyallaye, kafin Sallah buhu-buhu suke zubarwa. A yanka taga a fuskar katin, a manna shadda ko atamfa ta ciki, a rufe bayanta da wata takarda. Mai haƙuri ya zana dagi ko aska takwas da fensir, ya huda layin da allura tazara daidai, sannan ya bi hudojin da zare mai launi kamar mai aikin wuyan riga. Maƙwabtanmu na Ntonso da ɓawon duma suke sassaƙa hatimin adinkra, ba abin da zai hana yaro ya sassaƙa jinjirin wata a fasasshiyar ƙwarya ya buga kati ashirin da shi.

Abu guda muke roƙo, kada a rubuta ayar Alƙur'ani a kati. Kati na faɗuwa ƙasa, yara na wasa da shi, wani a kwandon shara yake ƙarewa. Barka da Sallah da addu'a cikin Hausa sun wadatar, tare da magana guda wadda ta shafi wanda aka aika wa shi kaɗai: "Gwaggo, mun ji ƙafar ta yi sauƙi, Allah Ya ƙara afuwa." A bayan katin, can ƙasa, a sa sunan wanda ya yi, da unguwa, da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya. In yaro ne ya yi, a rubuta shekarunsa.