Wayarka Ta Isa Ka Duba Birkin Gaban Motarka a Gida

Ɗan uwa mai mota, yaushe rabonka da ka ga fad ɗin birkinka da idonka?

Ni dai sai da na kusa yin ɓarna na koyi dubawa. Makonni ina jin wani siririn ƙara daga tayar gaba in na taka birki, sai in ƙara sautin rediyo in ce ƙura ce. Ranar da na ɗauko Hajiyarmu daga Tarauni za mu Asibitin Malam Aminu Kano, muna kan titin Zariya daidai Gyaɗi-Gyaɗi, wani mai adaidaita sahu ya tsaya a gabana babu sigina. Na taka birki, sai ji na yi ƙarfe yana gurzar ƙarfe. Motar ta tsaya, amma da ƙyar, tsakaninmu bai fi taki ɗaya ba. Hajiya ta yi salati, ta ce, "Kai, wannan motar lafiyarta kuwa?" Kunya ta hana ni amsawa.

Da bakanike ya kwance tayar, fad ɗin ya cinye tas, har ya kakkarce faifan birkin. Kuɗin fad kawai zan kashe da na duba da wuri, sai ga ni a Ƙofar Ruwa ina cinikin faifai biyu.

Birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota, domin nauyinta gaba yake rinjaya in ka taka. Ga cunkoson Court Road da na Unguwa Uku, taka ka saki, taka ka saki. Yawanci yakan riga na baya ƙarewa.

To ga yadda nake yi yanzu, minti goma ya isa. Ka faka a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja hambirki, ka bari ƙafafun su huce, don faifan yana zafin da zai ƙona yatsa. Ka murɗe sitiyari gaba ɗaya zuwa gefe. Ka kunna fitilar waya ka leƙa ta ramukan rim. Za ka ga faifai mai sheƙi, da wani ƙarfe da ya rungume shi. A tsakaninsu fad ɗin yake. Kar ka lissafa ƙarfen bayansa, ɓangaren da ke manne da faifan shi ne abin dubawa. In idonka bai kai ba, zura wayar ka ɗauki hoto da filasha, sannan ka zuƙo shi.

Sabon fad kan kai milimita 10 zuwa 12. In ya sauko 3, lokacin canji ya yi. Ba ka da abin awo? Katin ATM huɗu a haɗe, kaurinsu kusan milimita 3 ne.

Amma fa fad biyu ne a kowace ƙafa, kuma na ciki kan riga na waje cinyewa. In rim ɗinka rufaffe ne, sai an cire taya: ka sa dutse a bayan tayar baya, kuma kada ka kuskura ka zura jikinka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka buɗe bonet ma ka duba man birki. Yakan yi ƙasa yayin da fad ke cinyewa, in kuwa ya ragu sosai a nemi inda yake yoyo.

In za a canja, a canja hagu da dama tare. Kafin ka tayar, ka tattaka birkin har ya yi tauri.

Wancan siririn ƙaran da na raina, wani ɗan ƙarfe ne da aka sa wa fad da gangan don ya gargaɗe ka. Amma ba kowane fad ke da shi ba, shi ya sa nake leƙawa duk ranar da zan juye baƙin mai. Kai ma yau, kafin ka fita, ka ɗan durƙusa ka haska.

Allah ya tsare mu da iyalanmu.