Wasiƙa Daga Rumfar Baduku

Madawa, jihar Tawa

Aminina,

Sanyi ya kankama, hazo ya rufe kwarin Tarka, masu albasa kuwa tun asuba suna garka suna ban ruwa.

Saƙonka ya iso ni. Ka ce tun da na ajiye alli ka daina jin ɗuriyata, kana tambayar me nake yi da wunina. To, dukanci nake koyo. Wani dattijo ne mutumin Buza, mai rumfa a gefen kasuwa, ya karɓe ni. Baba nake ce masa, don wanda ya ba ka sana'a uba ne, shi kuwa Mushe yake kirana yadda ƴan lakwal suka saba. Abin da ya kai ni wurinsa hawan sallar bara ne. Na tsaya kallon dawaki, sai na ga ingarma mai kyau, an ɗora masa jalala mai tsada, amma igiyar linzaminsa ta roba ce shuɗiya, irin wadda ake ɗaure kaya a bayan babur. Abin ya tsaya mini a rai. Kai ma ka san yadda kamazuru yake a zamanin iyayenmu, kitsattse, ja wur, da tuntu yana reto.

Na je da niyyar koyon kitson ado, amma Baba bai bar ni na taɓa basilla ba sai da hannuna ya saba da aska. Ya ce duk aikin yana ga zaren fata, in zaren ya ɓaci ba gwanin da zai iya ɓoye shi. Fatar jar akuya yake so, irin taku ta Maraɗi da ta Sakkwato, wadda tun zamanin ayari ake ƙetara Sahara da ita har Turawa suka riƙa jingina ta ga Maroko. Ba ta da kauri, amma tana da ƙarfi, kuma ba ta saurin tsagewa a bakin huji. Ko a cikin fata guda ma ba duka ɗaya ba ne. Gadon baya ya fi tsauri, nan ake fidda zaren da zai ɗauki nauyi. Wajen ciki da hammata yana miƙewa, sai a bar shi don shafi ko tuntu.

Yankan kansa abin kallo ne. Zai fidda da'ira daga fatar, ya kafa aska a baki, ya riƙa juya fatar da hannun hagu yana bin gefe, kamar mai feren lemu ba tare da ɓawon ya tsinke ba. Askar ba ta motsi sosai, fatar ce ke zagayawa. Daga gutsuren da bai fi faifai ba sai ka ga ya fidda zare gaba da yawa, faɗinsa ɗaya tun daga farko har ƙarshe, babu ma'auni sai babban yatsa. Daga nan zai kifa zaren a kan allo ya kankare cikinsa har ya yi laushi, ya ɗan feƙe gefe biyu don ya kwanta lumui in an ɗinka. Sai ya jiƙa shi kaɗan, ya ɗaura a jikin dirkar rumfa ya ja. Wannan ja ɗin shi ne mutane da yawa ke tsallakewa. Zaren da bai gama miƙewa a rumfa ba, a bayan doki zai ƙarasa miƙewa, ɗinki ya saki. In ya sha iska a shafa masa man shanu, a fiƙe bakinsa ya yi tsini, shi ke nan ya zama allurar kansa.

Sai huji. Tazarar huji daga bakin fata kamar faɗin zaren ne, haka ma tsakanin huji da huji. In ka matsa baki da yawa fata ta yage, in ka yi nisa baki ya naɗe. Ɗinkin farko da ake koya wa yaro shi ne na zagaye baki: ka shiga ta gaba, ka fito ta baya, ka zagayo. Sai na gicciye, inda za ka bi layi ka dawo, zare ya haye zare. Wanda na fi ƙauna shi ne na uku: in ka shiga huji ka fito, kafin ka wuce gaba sai ka cusa bakin zaren ƙarƙashin gicciyen da ka bari a baya. Da ka yi haka tsawon taƙi guda za ka ga kitso ya tashi a kan bakin fatar, ya rufe shi ruf, ba ka ganin yankan aska ko kaɗan. Yana cin zare ninki-ninki, yana cin lokaci, amma in an gama aka bubbuge shi da guntun icce mai santsi ya kwanta, wallahi hannu ba ya son barinsa. Sharaɗi biyu Baba yake nanatawa: kada zare ya murɗe, fuskar fata kullum tana sama, kuma ƙarfin ja ya zama ɗaya. Yakan rufe ido ya bi aikina da yatsa, ya ce nan ka yi shi da safe, nan kuma bayan azahar da ka gaji. Kuma haka ɗin ne. In zare ya ƙare a tsakiyar aiki ba a ƙulli. Ana feƙe bakin tsoho da na sabo, a haɗa su su tafi tare huji biyu ko uku, a ɓoye wutsiyar tsakanin fata biyu.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kuma shi ne dalilin doguwar wasiƙar nan, shi ne inda ake sa adon. Da ina tsammanin ana gama sirdi ne sannan a ƙawata shi. Ashe ba haka ba ne. Ka ɗauko tsohon sirdi ka duba da kyau: kitson yana bakin kwacciyar gaba inda hannu da igiya ke goga, yana bakin kwacciyar baya, yana inda maɗaurin likkafa ya ratsa, yana bakin majayi kusa da zobe. Duk wuraren da fata ke shan wahala, nan aka fi cika ado. Ƙullin nan mai kama da ƙwallo da ke saman tuntu, wanda ake saƙawa da siraran zare kala biyu, mahaɗa yake rufewa don kada ta warware. Magabata ba su raba kyau da ƙarko ba, ɗinki guda ke ɗauke da duka biyun.

Shi ya sa hankalina ya tashi da ka ce za ka kai sirdin marigayi Babanku wurin mai keken ɗinkin takalma a gyara da zaren nailan. Don Allah kada ka yi. Keke yana jera huji kusa da kusa, tsohuwar fata kuwa ta bushe, sai ta tsage a kan layin. Nailan ya fi fatar ƙarfi, ba ya miƙewa tare da ita, don haka duk sukuwar da doki ya yi yankanta yake kaɗan-kaɗan. Zaren fata kuwa tare suke jiƙa, tare suke bushewa, in abu ya yi tsanani shi ne ke tsinkewa ya bar uwar fatar lafiya. Sai a zare shi a sa sabo a cikin tsofaffin hujin. Haka sirdi ke yin kaka da jika. Ka naɗe shi a buhu ka ba direban da ka amince da shi, ai hanya ɗaya ce daga Maraɗi zuwa nan. Baba ne zai yi aikin da hannunsa, ni nawa miƙo zare da kallo. Kafin nan ka sauke shi daga ƙasa saboda gara, ka rataye shi inda iska ke shiga, kada kuma ka wanke shi da sabulu. Icen cikinsa kawai nake jin tsoro. Ka san sirdi aikin hannu da yawa ne: masassaƙi ya fafe icce, a lulluɓe shi da ɗanyar fata tana jiƙe ta bushe ta ƙame shi, maƙeri ya yi likkafa da linzami, maɗinki ya yi jalala, sannan baduku. In icen ya karye sai mun nemi masassaƙi, su kuwa masu sassaƙar sirdi sun fi dukawa ƙaranci yanzu.

Maganar launi ma na samu karatu. Ja daga karan dafi yake, a jiƙa da ruwan toka. Rawaya daga gangamau. Baƙi kuwa kuloko ne, kashin maƙera da ake tsimawa a tukunya. Nan ne ɗan abin da na taɓa karantarwa a aji ya yi mini rana, don na gane dalilin: fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe da sinadarin bagaruwar, da ƙarfe ya taɓa shi sai ya koma baƙi. Saboda haka layin da aka zana da kuloko ba fenti ne a sama ba, a jikin fatar yake, ba ya gogewa. Korino, koriyar fatar nan mai tsada, da garin tagulla ake yinta, kuma ba a ɓarnatar da ita. Ƴar ƙyalle ake sakawa a ƙarƙashi, a huda jar fata a sama, koren ya leƙo ta tagogin. Yanzu garin rini na kanti ya cika kasuwa, yana da arha da haske, amma rana ɗaya ta bazara a fili ta isa ka ga bambanci.

Kwanakin baya Baba ya ɗauke ni muka bi hanyar Buza har Keita, muka leƙa Tamaske da Ibohamane neman fata. A kwarin Majiya har yanzu layukan dalbejiya da aka fara dasawa a 1975 don tare iska suna nan tsaye. A Keita kuma aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984 da taimakon Italiya da FAO ya mayar da itatuwa inda da tsandauri ne. Wanda ba ya harkar fata ba zai haɗa wannan da dukanci ba, amma duk bagaruwar da ta tsaya a kwari guzurin majemi ce. A wannan tafiyar na zauna na ga aikin matan maƙeran Buzaye. Ka san a wurinmu dukanci na maza ne, su kuwa mata ne ke riƙe da fata, maza na ƙira da sassaƙa. Zarensu siriri ne ƙwarai. Sukan tsattsaga jar fata ƙanana-ƙanana a jere, su ratsa farin zare ko kore yana nutsewa yana fitowa, har zane ya bayyana. Wani wurin kuma su zana da bakin wuƙa su ɗaye fuskar fatar, farin ciki ya fito. Jakar raƙumi guda, da dogayen gezarta, tana iya cin watanni. Na ga sirdin raƙumi mai kai uku irin na Agadas an yi masa wannan aiki, na daɗe ban ɗauke ido ba. Mu da Buzayen Kel Geres na Galma da Arzarori mun daɗe muna cin kasuwa ɗaya, kuma ana ganin haka a fata: akwai zanen da ba ka iya cewa na wane ne ya fara.

Ba zan ɓoye maka ba, sana'ar tana cikin matsi. Farin 1973 da na 1984 sun kwashe dabbobi, gidaje da yawa ba su sake ɗaure doki ba, daga baya babur ya zo ya ƙarasa. Fata mai kyau dillalai ke bi kasuwa-kasuwa su tara ta ɗanya a wuce da ita Kano, ƙirgin shanu kuma masu ganda sun sa masa tsada. Matasanmu na Adar da an gama girbi sai Abijan ko Libiya, wa zai zauna shekaru yana koyon yankan zare? Dukawan da suka rage da kube da zabira da laya da takalma suke ci, kayan doki sai gab da salla ko naɗin sarauta. Duk da haka ban yarda da masu cewa ta mutu ba. Jikan Baba, yaro ne da bai wuce sha biyar ba, yana zuwa bayan lakwal, kuma hannunsa ya riga ya faɗa. Ranar nan ya nuna wa kakan bidiyo a waya, makiyayan Ajantina da na Meziko suna kitsa linzami da ɗanyar fata. Baba ya karɓi wayar ya ƙura ido, ya ce a maimaita, sannan ya ɗauko sili takwas ya kitsa irinsa nan take. Ya ce hanyar ɗaya ce, sai dai su suna ƙara wuce biyu inda mu muke wuce ɗaya. Yaron ya ɗauki aikin kakansa hoto ya sa a WhatsApp, har wani mai dawaki daga Ƙonni ya aiko a yi masa ragama biyu. Ina ganin in aka samu masu saye da suka san abin da suke saye, masu koyo ba za su rasa ba.

Yanzu an ba ni kitson sili huɗu, zagayayye, na kamazuru. In ya yi kyau a idon Baba zan wuce zuwa shida.

Ga ƴar buƙata. In za ka aiko da sirdin, ka leƙa wurin majema ka zaɓo mini fatar jar akuya guda biyu, jimar bagaruwa, wadda ba a rina ba. Ka ɗaga ta a rana ka duba, kada a ba ka mai tabon ƙaya ko wadda wuƙar mahauci ta zaftare ta ciki. In kuma tafiyarka Kano ta kama, ka tambaya mini korino a Kurmi ko Ƙofar Wambai, ko ƴar kaɗan ce, da basilla siriri guda biyu. Zan aiko da kuɗin tare da buhun albasa da tabarmar kaba da uwargidanka ta daɗe tana cigiya.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Mutanen gida duk suna gaishe ku. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Madawa