Sifanar shokazoba da halin dilolin mashin (zare)

1/ Masu mashin, tambaya ɗaya kafin ku wuce. Ranar da kuka sayi mashin ɗinku sabo, an ba ku ɗan naɗin kayan aikin da yake zuwa da shi? In an ba ku, akwai wata sifana mai lanƙwasa kamar lauje a ciki? A kanta zan yi magana yau, ita da masu sayar mana da mashin. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni.

2/ Ni ɗalibi ne a ABU, ina zaune a Samaru, gidanmu kuma wani ƙauye ne gaba da Giwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfina. Yaya ya sayar da masara, Umma ta ɗauki adashinta, na ƙara da ɗan abin da nake samu a gyaran waya. Haka aka haɗa kuɗin mashin ɗin nan. Gumin mutum uku ne.

3/ Kuma aikin mutum uku yake yi. Litinin zuwa Juma'a ni kaɗai ne a kai, ni da jakar littattafai, ko kilo 60 ban cika ba. Ranar Asabar in je gida in ɗauko buhun taki ko jarkokin ruwa. Duk ƙarshen wata in ɗauki Umma zuwa asibitin Shika ganin likita. Mashin ɗaya, nauyi kala uku. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ Ranar saye muka je wani shago, ba zan kama suna ba. Aka fasa kwali, yara suka haɗa shi a bayan shago, aka turo mana yana ƙyalli. Yaya ya buɗe ɗan akwatin gefe, wayam. Ya ce, "Alhaji, kayan aikinsa fa?" Alhaji ko ɗago kai bai yi daga ƙirgen kuɗi ba ya ce, "Ai wannan samfurin ba ya zuwa da su." Littafin mashin ma wai babu.

5/ Wata na farko lafiya lau, tunda ni kaɗai ne. Ranar da na fara ɗaukar Umma, duk ramin da muka faɗa sai in ji ƙwas daga baya, kamar an buga ƙarfe da ƙarfe. Ba ta ce komai ba, kun san iyaye mata. Da muka sauka sai na ga ta dafa ƙugu ta ɗan tsaya kafin ta taka. Matar da ciwon baya ne ma ya kai ta asibitin. Wallahi ranar ban ji daɗin raina ba.

6/ Akwai wani dattijon bakanike a unguwarmu, Baba muke ce masa. Na kai masa na ce shokazoba ta mutu. Ya danna bayan mashin sau biyu, ya shafa ƙarfen ya duba yatsansa, ya ce, "Ɗana, lafiyarta ƙalau. A matakin farko take, na mutum ɗaya marar nauyi. Ina sifanarka?" Na ce ba a ba mu ba. Ya yi murmushi kawai ya jawo tasa daga ƙasan benci.

7/ To ga abin da na koya daga gare shi da kuma karatun da na bi na yi. Shokazoba abu biyu ne a haɗe. Akwai sifirin, wannan murɗaɗɗen ƙarfen da kuke gani, shi yake ɗaukar nauyi. A tsakiyarsa akwai bututu mai mai a ciki, shi yake hana sifirin ɗin yin ta tsalle bayan an faɗa rami. In babu man nan, mashin zai riƙa rawa da kai kamar katifa.

8/ Ku leƙa ƙarshen sifirin ɗin, yawanci ta ƙasa. Za ku ga wani zobe mai haƙora hawa-hawa kamar matakala. A ƙananan mashina da yawa hawa biyar ne. Duk hawan da ka murɗa zuwa sama, ka ƙara matse sifirin tun kafin kowa ya hau. Wasu mashinan ba su da zoben nan sam, nasu a kafe yake. In naka yana da shi, an yi shi ne don a taɓa.

9/ Ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Murɗa zoben ba ya canza ƙarfin sifirin, ƙarfen da aka ƙera shi da shi yana nan yadda yake. Abin da yake canzawa shi ne yadda bayan mashin yake zama ƙasa idan an hau. Kana ɗaga mazauninsa ne, don ya rage sauran wurin da zai lotsa in an ci karo da rami.

10/ Ƙa'idar da masu harkar suke bi: idan ka hau, mashin ya zauna kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakar lotsawarsa, ko ƙasa da haka kaɗan. Misali in iyakarsa santimita 9 ne, ya zauna wajen 3, a bar 6 saboda hanya. Idan nauyin mutum biyu ya cinye 7 tun a tsaye, 2 suka rage. Ramin farko ya cinye su, sauran dukan kuma bayan fasinja ne zai sha. Ƙwas ɗin da nake ji ke nan.

11/ Kuma abin bai tsaya a ciwon baya ba. Idan baya ya zauna da yawa, gaba yana ɗagawa. Fitila ta koma haska sama tana kashe idon mai tahowa, kai kuma ba ka ganin ramin gabanka. Tayar gaba ta yi sakayau, kan mashin ya ƙi bin hannunka a kwana. Wani lokaci tayar baya har gogar murfinta take. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa da dare tsakanin tireloli ya san wannan ba wasa ba ne.

12/ In kuma ka matse har ƙarshe alhali kai kaɗai ne, shi ma matsala ce. Baya zai tsaya cak a sama, a kan gargada taya ta riƙa barin ƙasa, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta kama birki. Shi ya sa babu hawa ɗaya da ya dace da kowa kullum. Ni a na 2 nake yawo, in zan ɗauki Umma ko buhu in kai na 4. Naku zai iya bambanta.

13/ Yadda ake yi, minti biyar ne:
- Ka kafe mashin a babban sitan mai ƙafa biyu, nauyi ya bar baya
- Ka bari salansa ta huce
- Ka goge ƙasa da laka daga zoben, ka ɗiga ɗan mai
- Ka saƙala ƙugiyar sifana a ramin zoben, ka murɗa hawa ɗaya-ɗaya har ka ji ya faɗa gurbi
- Ka yi wa ɗaya gefen daidai da haka

14/ Na ƙarshen nan ku ja masa layi. Hagu da dama dole su zama a hawa ɗaya. Na sha ganin mashin a wurin ajiye mashina na makaranta, ɗaya a 1 ɗaya a 3, mai shi yana ta ƙorafin mashin na ja masa gefe.

15/ Mai son ya auna, tef ɗin tela ya isa. Ka auna daga ƙarfen tsakiyar tayar baya zuwa wata alama a jikin mashin da ke saitinsa ta sama, lokacin da taya take a ɗage. Sai ka sauke, ka hau, abokinka ya sake aunawa. Bambancin shi ne zaman mashin ɗinka.

16/ Masu manyan mashina da ke da shokazoba ɗaya a tsakiya, naku sau da yawa zobe biyu ne a kan zare irin na noti. Ɗaya na kullewa, ɗaya na saiti. Sai an sassauta na kullewar kafin a murɗa ɗayan, in an gama a sake ɗaure shi. Shi ma da sifana mai ƙugiya ake yi, amma girmanta ya dace da zoben. Wadda ta yi girma zamewa take, ta ci haƙoran ta haɗa da yatsunka.

17/ Yanzu me yake faruwa in babu sifanar? Guduma da sukudireba. Yaron gareji ya kafa bakin sukudireba a zoben ya yi ta duka. Zai juya, eh, amma haƙoran sun lanƙwashe, gobe ko sifanar gaske ba za ta kama ba. In hannu ya kuɓuce ya karci sandar nan mai sheƙi, karcen zai riƙa yankar robar da ke tare mai. Bayan 'yan makonni ka ga mai yana tsatsa. Daga nan sai sabuwa.

18/ Gwajin mutuwarta ma mai sauƙi ne, shi Baba ya yi a gabana. Ka danna baya da ƙarfi ka saki. Mai lafiya zai taso sau ɗaya ya tsaya. In ya yi ta lilo, ko ka ga jiƙar mai a jikinta, ta tafi, kuma murɗa zobe ba zai dawo da ita ba. Kafin a ce maka ka canza, ka yi wannan da hannunka.

19/ Mu koma kan Alhaji. Wani ɗan ajinmu ya sayi irin mashin ɗina sak, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, a wani shagon daban. Na buɗe akwatin gefensa, sai ga naɗi: filaya, sukudireba, abin kwance fulogi, sifanoni, da 'yar mai lanƙwasar nan. Ga littafi a leda. Hausawa suna tsoron lauje cikin naɗi, ni kuwa rashinsa ne ya dame ni.

20/ Na ɗauki hoto na koma shagon. Na gaishe shi da ladabi na nuna masa. Ya ce, "Ɗan samari, wata nawa da saye?" Na ce biyu. Ya ce, "To ai kaya in ya fita ya fita." Ya juya wurin wani sabon mai saye da fara'arsa, irin wadda ya yi mana ranar da kuɗi ke hannunmu. Na tsaya kamar minti goma, ba wanda ya sake kallona.

21/ Kuɗin sifanar bai kai na litar mai biyu ba, daga baya na saya a kasuwar Sabon Gari. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ƙaryar. Mutumin da zai kalli idon yayana ya yi masa ƙarya a kan ɗan ƙarfe, me zai ce ranar da inji ya samu matsala? Daga ranar ko bakin mai ban sake saye a wurinsa ba.

22/ Shi kuwa dilan abokina, sai ku ji. A gabansa aka fasa kwali. Ya sa aka duba lambar inji da ta bodi aka rubuta a rasit. Ya tambaye shi, "Kai kaɗai za ka riƙa hawa ko da kaya?" Ya tsuguna da babbar rigarsa ya nuna masa zoben da yadda ake murɗawa. Ya ce ya dawo a canza bakin mai na farko a sake ɗaure notuna. Kuɗinsa ya ɗan fi na wancan kaɗan.

23/ Zuwa yau mutum huɗu abokina ya kai masa, duk sun saya. Ni kuma mutum uku na hana zuwa wancan. Talla ke nan da ba a biya ko sisi ba, kowa da irin tasa.

24/ Don adalci, na san kasuwa ta yi zafi. Darajar naira ta faɗi tun 2023, kuɗin mashin ya yi tashin da kowa ya gani, dila yana sayarwa yau ya je saro gobe ya tarar an ƙara. Kuma sau da yawa hannu da yawa ne ke taɓa kwali kafin ya iso gare ka. Amma wanda ya karɓi kuɗi shi ke da alhakin cika kaya. In babu, ya ce babu, a rage wani abu. Wannan kowa zai fahimta.

25/ Saboda haka in za ku saya, kafin ku tura kuɗi:
- A fasa kwali kuna tsaye
- Ku ƙirga kayan aiki, ku nemi mai ƙugiyar nan ko abin da kamfanin ya sa a madadinta
- Ku karɓi littafin mashin, akwai iskar taya da iyakar nauyi a ciki
- Lambar inji da ta bodi a kan rasit
- In an ce akwai garanti, a rubuta

26/ Sannan ku yi masa tambaya ɗaya: "Alhaji, in zan ɗauki mutum a baya, ya ake saita shi?" Ku lura da fuskarsa. Wanda ya tashi ya nuna muku, ko ya kira yaronsa ya nuna, zai saurare ku ranar matsala. Wanda ya ce "ai haka yake zuwa", ku gode masa ku leƙa shagon gaba. Kuɗin na hannunku tukuna, lokacin ne kawai kuke da murya.

27/ 'Yan uwa masu acaɓa, ku abin ya fi shafa, ku da kuke yini a kai da fasinja biyu da kaya. Ku duba zoben nan yau in kun tsaya sallah. Wanda ya samu dilan kirki kuma ya faɗi garin da abin da ya yi masa a ƙasa, masu shirin saye su amfana. A tura wa duk wanda ake tara wa kuɗin mashin. Allah ya tsare mana hanya.